"Da Sauƙi": Harshe, Harsashi da Ran Yaro a Gwandu da Kalgo

A cikin gaishe-gaishen Hausa babu wadda amsarta ta kafu wuri guda kamar gaisuwar majinyaci. Wanda aka ce wa "Ina gajiya?" yana iya cewa babu, yana iya cewa ta bi lafiya. Wanda aka tambayi kasuwarsa yana da damar ya gode, ko ya ɗan koka. Amma "Ya jiki?" amsarta ɗaya ce tal: "Da sauƙi." Haka mai zazzaɓin kwana biyu zai ce, haka masu jinyar wanda ke kan gargara za su ce, har zuwa sa'ar da za a ja zane a rufe masa fuska. Ba wanda zai kira wannan ƙarya. Addu'a ce aka sa mata rigar labari, ladabi ne ga Ubangiji, kuma gudun yi wa cuta mugun baki ne. Wanda ya tashi cikin harshen ya san inda ake neman gaskiyar hali: a jan numfashin da ya gabaci amsar, a "to" ɗin da aka ja, a "sai dai addu'a" da ta biyo baya. Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska.

Akwai majinyaci guda wanda fuskarsa ma ba ta faɗin gaskiya, shi ne yaron da harsashi ya shiga jikinsa. A kansa nake son in yi magana, kuma da bakin ɗalibin harshe zan yi ta, domin ni ba likita ba ne.

Bayan na kammala digiri na biyu sai na shiga tattara kalmomin rauni da jinyarsa daga bakin maɗora da wanzamai da maharba da mahauta a ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo. Aikin ƙamus ne na sa a gaba: in rarrabe rauni da miki da gyambo, sara da suka da yanka, targaɗe da gocewa da tsagewar ƙashi da karaya, in ga abin da karin harshen yankin ya riƙe wanda ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006 ba su kawo ba. Gwandu kuwa wuri ne da ya dace da irin wannan nema, tun da a nan hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, wanda cikin tarin rubuce-rubucensa har da Masalihul Insan, littafin da ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Sai dai duk zauren da na zauna, da an gama zancen karaya da ɗori, sai hira ta zame zuwa bindiga.

Gwandu da Kalgo ba su ne fagen daga ba. Masifar 'yan bindiga a jihar Kebbi ta fi tsananta a kudu, ƙasar Zuru da Yawuri, daga baya kuma ta ɓullo ta arewa, wajen bakin iyaka. Ba a manta da 17 ga Yunin 2021 ba, ranar da aka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, ko harin Lakurawa a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, ko 'yan matan makarantar Maga a Nuwamban 2025. Amma tsoro ya fi ɗan bindiga saurin ƙafa. Garin da ba a taɓa kai wa hari ba ya kafa 'yan banga. Manomin da bai taɓa harbin ko kurciya ba ya sayi bindigar toka ya jingine bayan ƙofa, a ɗure da albarushi da guntayen ƙarfe, domin mai jiran ɓarawo ba ya bari sai ya iso kafin ya ɗura. Makamin da a da yake hannun maharbi, wanda ya gaji ladabin riƙonsa tun daga kaka, yanzu ya shiga ɗakin da yara ke wasa. Ko nahawunmu ya nuna haka. Idan ɗan ta'adda ne, cewa ake yi "an harbe shi". Idan a cikin gida ne, sai bindiga ta zama ita ce mai aikatawa: "bindiga ta tashi", "harsashi ya same shi". Jimlar ta sallami kowa tun kafin a tambaya.

A wani ƙauye na ƙasar Gwandu na ga abin da idona. Lokacin hunturu ne, an yanke shinkafa, samari na kwana fadama suna gadin tari. Babban ɗan mai masaukina ya dawo daga gadi bayan asuba, ya jingina bindigarsa jikin danga, ya juya zai yi alwala. Ta zame, ta faɗi, ta tashi. Ƙanensa, yaro ɗan kimanin shekara tara, yana tsugune yana jin ɗumin wuta. Ya yi ƙara ɗaya mai tsawo, ya yi kuka na ɗan lokaci, sannan ya yi shiru. Da aka ɗaga rigarsa, ƙananan huji uku aka gani a ƙasan haƙarƙarinsa na hagu, kowanne bai fi ƙwayar dawa ba, jinin da ya ɓata rigar kuwa bai cika tafin hannu ba. Mai kemis ya zo ya wanke, ya sa aidin, ya rufe da filasta, ya yi masa allura. Kafin hantsi ya dubi ludayi yaro yana kwance kan tabarma, ido biyu, in an kira sunansa ya amsa. Abu ɗaya kawai yake ta nema, ruwa. Maƙwabta suna shigowa suna cewa "Ya mai jiki?", ana amsa musu da "Da sauƙi, ya ma bar kuka." Wata gwaggonsa har ta yaba masa dauriya, ta ce namiji ne.

Cikin masu dubiya akwai wani tsohon maharbi da na kwana biyu ina ɗaukar kalmomi a bakinsa. Bai ko dubi filastar ba. Ya kama tafin ƙafar yaron ya riƙe, ya ɗora hannu a cikinsa, ya ja fatar idonsa ta ƙasa ya leƙa. Sannan ya dubi uban ya ce, "Malam, wanga yaro ba na kwanci gida ba na. Cikinai ya sha jini. Ku tashi yanzu." Uban ya ce, "Baba, ai jinin ya tsaya tun ɗazu." Tsoho ya ce, "Jinin da kag gani ba shi ka kisa ba."

Neman mota da haɗa kuɗi sun ci lokaci, ba mu isa babban asibiti ba sai da azahar ta gota. Likitan da ya karɓe mu bai yi wa kowa faɗa ba. Ya tambayi ƙarfe nawa abin ya faru, aka gaya masa, ya dubi agogon bango, ya ce a nemo masu ba da jini. A ɗakin tiyata aka tarar saifa ta fashe, hanji ya huje wuri biyu. Leda biyu ta jini aka ƙara masa, ɗaya ta ubansa, ɗaya tawa. Yaron ya rayu, yanzu haka yana aji biyar.

Da muka koma na tambayi tsohon yadda ya gane. Ya ce daji ya koya masa. Barewar da harbi ya samu a ciki takan zabura ta ruga kamar ba a taɓa ta ba, ba ta barin sawun jini a ƙasa. Maharbin da bai ƙware ba sai ya ce ya kuskure, ya koma gida. Wanda ya ƙware ba ya bin sawu, bakin ruwa yake tafiya ya jira, domin ƙishirwa za ta kai ta can, can kuma za ta faɗi. In an farke cikinta sai a tarar da jinin duka a tare. Mahautan da na yi wa wannan zance daga baya sun gaskata shi ba tare da mamaki ba, kamar wanda ya gaya musu rana na fitowa daga gabas.

Abin da maharbi ya koya daga barewa, likitoci sun auna shi da lissafi. Jinin da ke jikin yaro kimanin mililita 75 zuwa 80 ne ga kowane kilo na nauyinsa. Yaro mai kilo 20 ke nan yana da kamar lita ɗaya da rabi, abin da bai wuce ledar fiya-wata uku ba, alhali baligi yana da kusan lita 5. Ledar da aka ɗiba a jikina na sha lemo na miƙe, a jikin wannan yaro sulusin jininsa ce. Sannan jikin yaro gwani ne wajen ɓoye asara. Jijiyoyinsa sababbi ne, suna iya tsukewa ƙwarai su janye jini daga fata da hannuwa da ƙafafu su tura shi ga ƙwaƙwalwa da zuciya, ita kuma zuciyar ta ƙara gudu. Da wannan dabara yaro na iya rasa kusan sulusin jininsa, abin awon jini yana nuna komai daidai. Ranar da dabarar ta ƙare, faɗuwar lokaci guda ce, ba ta ba da sanarwa. Saboda haka alamomin da ake nema su ne waɗanda tsohon ya nema: sanyin tafin ƙafa da hannu, farin ido da leɓe, zuciya mai gudu, numfashi sama-sama, ƙishirwa mai naci, ciki mai tauri ko kumburi, da kuma shiru. Shirun nan da muka saba karantawa a matsayin sauƙi ko dauriya, sau da yawa alama ce ta cewa jini ya fara gaza kaiwa ƙwaƙwalwa.

Ƙanƙantar jiki ma tana ƙara haɗari. Hanta da saifa da hanji da ƙoda suna cunkushe a ɗan wuri, haƙarƙari bai yi ƙwari ba, harbi ɗaya sai ya taɓa abu uku. Harsashin AK-47 yana barin bakin bindiga da gudun kimanin mita 700 a daƙiƙa, yana ɓarnata nama har nesa da hanyar da ya bi. Bindigar toka ba ta da wannan ƙarfi, amma tana watsa ƙarfe mai tsatsa da tsumma da datti cikin jiki ta ƙofar da ido ke rainawa. Akwai kuma sanyi. Yaro yana rasa ɗumin jiki da sauri fiye da babba, jinin da ya yi sanyi kuwa ba ya daskarewa yadda ya kamata, sai zubar ta ƙaru. Yaron da aka wanke wa rauni da ruwa, aka ɗora kan kabu-kabu da jiƙaƙƙiyar riga cikin iskar hunturu, an taimaki harsashin ba da sani ba. Bargo ɗaya magani ne a wannan tafiya.

Wannan ya kawo ni ga alƙaluma, inda nake ganin ya kamata mai karatu ya yi hattara. Idan asibiti ya duba rajistarsa ya ce cikin yaran da aka kawo da raunin bindiga kaso kaza sun fita da rai, gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar waɗanda suka iso ƙofa ce. Yaron da ya cika kan tabarma a gida, ko a kujerar bayan mota aka juya da shi, an yi masa sutura an rufe shi kafin la'asar kamar yadda addini ya tanada, kuma ba rajistar da ta san da shi. Har ma abin yana iya juyewa: asibitin da hanyarsa ta yi nisa sai ya nuna sakamako mai kyau, domin hanya ta riga ta tace masa masu mummunan rauni, wanda ake kai wa majinyata da wuri kuma ya bayyana kamar ya fi kisa. Wani bincike da Charles Mock da abokan aikinsa suka wallafa a 1998 ya kwatanta manyan mutane masu mummunan rauni a birane uku. A Kumasi ta Ghana kashi 63 cikin ɗari suka mutu, a Monterrey ta Meziko kashi 55, a Seattle ta Amurka kashi 35. Waɗanda suka mutu tun kafin a kai su asibiti kuwa kashi 51 ne a Kumasi, 40 a Monterrey, 21 a Seattle. Kusan dukkan tazarar da ke tsakanin birnin mai kuɗi da maras kuɗi a kan hanya take. Binciken ba na yara ba ne, ba kuma na bindiga kaɗai ba, amma wanda ya san hanyoyin ƙauyukanmu da damina zai gane hoton.

Hanya kuma ana iya gyara ta ba tare da jiran kwalta ba. Tsakanin 1997 da 2001 likitan Norway Hans Husum da abokan aikinsa sun koya wa ƙauyawa fiye da 5,000 a arewacin Iraƙi da Kambodiya taimakon farko ga waɗanda nakiya ko harsashi ya raunata: buɗe hanyar numfashi, danne rauni, ɗumama jiki. Mace-macen da suka kai kashi 40 cikin ɗari suka sauko zuwa kimanin 15. Ba motar asibiti aka saya musu ba. Magana aka koya musu, cikin harshensu, da abin da hannu zai yi.

Nisan hanya ma ba kullum da kilomita ake auna shi ba. Kalgo tana bakin Birnin Kebbi, babban asibitin jiha yana cikinta, asibitin tarayya da na Sir Yahaya suna nan kusa a babban birni. Duk da haka a ƙasar Kalgo na je ta'aziyyar wata yarinya da ba ta kai shekara bakwai ba, wadda tsakanin gidansu da ƙofar asibiti bai wuce tafiyar minti ashirin a kan mashin ba. Bindigar kawunta, ɗan banga, ta tashi bayan isha'i. Manya suka shiga shawara: in aka kai ta za a nemi takardar 'yan sanda, in aka je ofishin 'yan sanda za a tsare kawu, bindigar kuma ba ta da lasisi. Yarinya ta yi shiru, aka ce tun da da sauƙi a bari gari ya waye. Ba ta ga asuba ba. A wurin zaman makoki abin da ake gaya wa masu zuwa shi ne ta rasu bayan gajeruwar rashin lafiya. Sai a kwana na uku wani dattijo ya ja ni gefe ya gaya mini sauran.

Abin takaici, takardar da ta hana su fita doka ta soke ta tun da daɗewa. A Disamban 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta wajabta wa kowane asibiti a Nijeriya, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani nan take, da takardar 'yan sanda ko babu, da kuɗin ajiya ko babu. Dokar ta ce a mutunta wanda ya kawo majinyacin, kada a tsare shi da tambayoyin tozartawa, kuma 'yan sanda ba za su ɗauki mai raunin don bincike ba sai shugaban asibitin ya tabbatar ya samu lafiyar da zai iya. Tun kafin ita, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi kula da kowane mai buƙatar gaggawa. Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba: dokar ta 2017 ta umarci asibiti ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa biyu da fara magani. Tsoron kawu ke nan yana da tushe, za a zo a yi tambaya. Amma jeri ya sauya, magani ne a gaba, rahoto a baya, kuma nauyin rahoton yana wuyan asibiti. Cikin duk mutanen da na yi hira da su a ƙananan hukumomin nan biyu, malaman asibiti ne kaɗai suka san da wannan. Doka tana kwance cikin Turancin lauyoyi, "takardar 'yan sanda" kuwa tana yawo da Hausa a kowace majalisa da tasha.

A cikin asibitin ma harshe bai gama aikinsa ba. Jini shi ne abu na farko, kuma a mafi yawan asibitocinmu dangi ake nema su bayar ko su maye gurbin wanda aka ɗauko. Amma dubi waɗanda al'ada ke sawa a mota: uwa, da kaka, da wani dattijo mai iya magana da hukuma. Samari majiya ƙarfi, masu jinin da ake buƙata, su ne ake cewa su tsaya gida, musamman in ana tsoron kamu. Sai an isa a fara buga waya ana neman wanda zai biyo baya, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai kuma allurar tiranezamik, wadda ungozomomin asibiti suka sani saboda zubar jini bayan haihuwa. Babban gwajin da aka wallafa a 2010, kan manya masu rauni fiye da 20,000 a ƙasashe 40, ya nuna tana rage mutuwa, nazarin da ya biyo baya kuma ya nuna amfaninta yana cikin awa uku na farko. Allura ce mai araha, amma shawarar dare ɗaya ta ishe ta tashi aiki.

Bayan tiyata sai wata rashin fahimtar ta taso. Ƙa'idar masu tiyatar raunin yaƙi ita ce a yanke mataccen nama, a wanke, a bar raunin a buɗe kwana huɗu ko biyar kafin a ɗinke, domin rufe shi da datti a ciki gayyatar ruɓa ce da sarƙe-haƙora. Dangi kuwa in sun ga ba a ɗinke ba sai su ce likita kuɗi yake jira. Haka nan zancen cire harsashi. A tunaninmu harsashi kamar ƙaya yake ko dafin kibiya, in bai fita ba ba a warke ba, kuma ana so a gan shi a tafin hannu. Likita ɓarnar da harsashin ya yi yake gyarawa, sau da yawa yakan bar ƙarfen inda yake in tono shi zai fi cutarwa. Uban yaron nan na Gwandu, da ya ga hoto ya nuna ɗigo biyu farare har yanzu a jikin ɗansa, sai da ya yi niyyar ɗauke shi zuwa wurin wani mai magani da aka ce yana zuƙo harsashi ba tare da yanka ba. Wata nas ce ta zauna da shi, ta ce, "Baba, in ɓarawo ya fasa rumbu ya yar da sandarsa ciki, rumbun za ka fara liƙewa ko sandar za ka tsaya nema?" Ya yi dariya, ya zauna. Na rubuta jimlar a littafina, domin ta yi abin da takardar sallama mai shafi biyu ba ta yi ba.

Fagenmu na nazarin Hausa bai yi sakaci da magani ba. Lewis Wall ya tsaya sosai kan ma'anar lafiya a littafinsa na 1988, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza da ɗalibansa kuma sun tara abin da ba ya misaltuwa kan magungunan Hausawa da masu ba da su. A ganina dai ƙarfin wannan aiki ya fi karkata ga cuta mai ba da lokaci, wadda ake zama a yi tunanin sanadinta. Raunin da ke kisa cikin awa uku yana buƙatar wani irin harshe daban, gajere, mai ba da umarni, wanda uwa za ta tuna hankalinta a tashe. Likitoci suna kiran halin da yaron Gwandu ya shiga da kalmar Turanci, shok. Masu fassara a kafafen labarai sukan mayar da ita "kaɗuwa" ko "firgita", domin a Turancin yau da kullum tana ɗaukar wannan ma'ana. In aka gaya wa uwa ɗanta ya kaɗu, rubutu za ta nema masa da tofi, kuma ta yi daidai da abin da ta ji. "Cikinai ya sha jini" na tsohon maharbi ya fi kowace fassara da na gani kusa da abin da likita ke nufi, ga shi kuma ya tayar da mutane tsaye.

Saboda haka na ware wani sashe na aikina ga gwajin jimloli. Ni da wata malamar asibiti da ta yi ritaya muka tsara 'yan gajerun maganganu, ƙanwata ta karanta wa matan wata Islamiyya a Kalgo, ina zaune daga zaure ina jin martani. Wasu sun wuce ba gardama: danne rauni da tsumma mai tsabta da dukkan ƙarfinki, kada ki ɗaga ki leƙa, kada a zuba toka ko ƙasa ko baƙin mai, a lulluɓe shi da bargo, a tafi da maza biyu masu ba da jini, ƙaramin huji ba ƙaramin rauni ba ne. Da aka zo kan "da sauƙi" sai suka ƙi. Suka ce ba mai imanin da za a tambaye ta jikin ɗanta ta ce babu sauƙi, kuma gaskiyarsu ne, ban ga dalilin da zai sa a nemi mutane su zaɓa tsakanin ladabinsu da ɗansu ba. Wata daga cikinsu ta kawo mafita, ta ce a bar amsar yadda take a ƙara mata wutsiya: "Da sauƙi, muna hanyar asibiti."

Wadda ta fi wuya ita ce ta ruwa. Mai rauni a ciki ko ƙirji ba a ba shi abin sha, domin hanji na iya kasancewa a huje, kuma cikin da ke da ruwa haɗari ne lokacin da za a sa shi barcin tiyata. Amma hana mai ƙishirwa ruwa abu ne da duk tarbiyyarmu ta tsaya a kan ƙinsa, balle ɗan da aka haifa yana roƙo. Wata tsohuwa ta ɗaga murya yadda zan ji daga zaure, ta ce, "Ɗana, to in Allah Ya karɓi abinai da ƙishirwa a bakinai, wa za ya ɗauki wanga alhaki?" Ɗakin ya yi tsit. Malamar asibitin ta ce ba a hana jiƙa baki ba, haɗiya ce ake gudu. Muka sake jimlar nan take: "Jiƙa gefen zanenki ki shafa masa a leɓe, ruwan sha sai likita ya ce." Tsohuwar ta maimaita ta sau biyu a hankali, sannan ta ce a cire "leɓe" a sa "baki", domin uwar da hannunta ke rawa ba za ta tsaya neman leɓe ba. Na soke kalmar, na rubuta tata.